Man Fetur: Na Cikin Kwalba da Na Ƙarƙashin Ƙasa

A ƙarshen 2025 muna zagayen azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙasar Bukkuyum, sai wani dattijo ɗan aji ya ɗaga hannu. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya. Mun ji a rediyo an ce kuɗin fetur ya sauka. Mun kuma ji an ce akwai mai kwance a ƙarƙashin ƙasar Arewa, har da wajen Sakkwato, ba a taɓa shi ba. To, in an haƙo namu, ba shi ke nan ba? Ai sai mu riƙa sayensa kamar ruwa."

Muka ce masa, "Baba, tambayarka tana da tsawo, ba ta amsuwa a tsaye." Da muka je Anka da Gummi muka sake jin irinta a bakin waɗansu. Shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta amsar, ko wane aji ya karanta a tsanake.

Kakanninmu ba su san fetur ba, kuma sun zauna lafiya. Amma mu yau ya shiga cikin tuwonmu. Injin ban ruwa a fadamar Gulbin Zamfara mai ya ke sha. Babur ɗin da ya ke kai mara lafiya asibiti mai ya ke sha. Injin niƙa, da motar da ta ke kai buhuna kasuwar Nasarawar Burkullu, duk haka. In mai ya yi tsada, har gishiri sai ya yi tsada. Saboda haka ya kamata manomi ya san abin da ya ke ɗaga kuɗinsa da abin da ya ke sauke shi.

Gyaɗa daban, man gyaɗa daban

Mu fara da abin da kowa ya sani. Gyaɗa a cikin ƙasa ta ke. Amma mai gonar gyaɗa ba ya tona rami ya ɗebo mai. Sai ya cire ta, ya shanya, a ɓare, a soya, a niƙa, sa'an nan mata su matse, mai ya fita gefe guda, tunkuza gefe guda. Ko wane mataki da wahalarsa da kuɗinsa.

Haka fetur ya ke. Abin da a ke haƙowa daga ƙasa sunansa ɗanyen mai. Baƙi ne ko ruwan ƙasa-ƙasa, mai wari. In ka zuba shi a babur, ka kashe babur. Sai an kai shi matata. A can a ke dafa shi da wuta mai tsanani, tururinsa ya shiga wata doguwar hasumiya ta ƙarfe. Marar nauyi ya hau sama, mai nauyi ya tsaya ƙasa. Daga sama a ke samun iskar gas ta girki, sai fetur, sai kananzir, sai man manyan motoci wanda direbobi su ke kira gas. Abin da ya rage a gindi har da kwaltar da a ke shimfiɗa wa hanya.

Da ganga a ke auna ɗanyen mai a kasuwar duniya. Ganga ɗaya lita 159 ce, watau ba ta kai duro ba. Kuma ba dukanta ta ke zama fetur ba, abin da ya ke zama fetur bai cika wuce rabi ba.

Yanzu ku yi tunanin mutumin da ya ke da gonar gyaɗa mai faɗi, amma ba mai matsa a gidansa. Ko wace shekara sai ya sayar da gyaɗarsa ga wani can nesa, a matse, sa'an nan ya aika a sayo masa mai, ya biya kuɗin matsa, ya biya kuɗin dako zuwa da dawowa. Za ku ce wannan ba shi da dabara. To, Nijeriya ta yi shekaru da yawa tana wannan ciniki.

An fara samun ɗanyen mai na sayarwa a wani ƙauye wai shi Oloibiri, a ƙasar da yanzu a ke kira Jihar Bayelsa, cikin 1956. Aka fara fitar da shi waje a 1958. Daga baya gwamnati ta mallaki matatu huɗu: biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, wadda aka buɗe a 1980. Har aka ja bututu daga Kaduna zuwa daffon Gusau, domin mai ya zo mana kusa ba sai da mota ba. Amma matatun nan suka lalace saboda rashin gyara, suka yi shekaru ba su aikin kirki. Sai ya zama ana loda ɗanyen manmu a jirgin ruwa zuwa Turai, a sayo tataccen da dalar Amurka.

Yadda kuɗin ya hau, da yadda ya sauka

Da can gwamnati ce ta ke yanka farashi. Tana sayo mai da tsada, a sayar wa jama'a da rahusa, ita ta cika gibin. Wannan ciko shi a ke kira tallafi. Manya daga cikinku za su tuna lita tana naira 65 a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. A farkon 2012 aka cire tallafin, lita ta kai 141, ƙasa ta rikice da zanga-zanga, aka mai da ita 97. A 2015 ta sauka zuwa 87. A 2016 ta hau 145. A 2020, lokacin cutar korona, duniya ta daina tafiye-tafiye, ɗanyen mai ya rasa mai saye, lita ta sauka zuwa 125.

Ran 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya kama aiki, ya ce tallafi ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ba ta kai naira 200 ba a gidajen man gwamnati ta wuce 500. A watan Oktoba 2024 ta wuce 1,000. Ba sai mun gaya muku yadda aka ji ba. Mun ga waɗanda suka jingine babur suka koma keke. Mun ga waɗanda suka rage faɗin noman rani domin ba su iya ciyar da inji.

Sa'an nan a 2025 sai kuɗin ya soma sauka, har ya koma ƙasa da 900 a manyan garuruwa da yawa. Ku lura da kyau, a wannan shekarar ba a haƙo ko cokali ɗaya na mai a ƙasar Sakkwato ko Zamfara ba. Abin da ya sauke shi daban ne.

Na farko, an sami mai matsa a gida. Alhaji Aliko Ɗangote, mutumin Kano, ya gina babbar matata a Lekki, bakin teku kusa da Ikko, watau Legas. An gina ta domin ta tace ganga 650,000 a rana, fiye da abin da matatun gwamnati huɗu za su iya in an haɗa su. An yi bikin buɗe ta a Mayu 2023, ta fara fitar da fetur a Satumba 2024. Da ta fara, sai ita da 'yan kasuwa masu shigo da mai daga waje suka shiga gasa. Kun san yadda a ke yi ran kasuwa in masu albasa sun yi yawa: wannan ya rage, wancan ma dole ya rage. Matatar ta yi ta rage kuɗinta, har a Disamba 2025 ta sayar wa masu tankoki lita a kan naira 699 a bakin ƙofarta.

Na biyu, ɗanyen mai da kansa ya yi araha a duniya. A 2022, da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukiren, ganga ta wuce dala 100. A 2025 ta sauko wajen dala 60 da 'yan kai. Matata saye ta ke yi. In ta sayi gyaɗa da araha, ta iya sayar da mai da araha.

Na uku, naira. Da dala a ke yanka kuɗin ɗanyen mai ko'ina a duniya, har wanda aka haƙo a ƙasarmu. A farkon 2023 dala ɗaya wajen naira 460 ce a hannun gwamnati. A 2024 ta wuce 1,500. Wannan faɗuwar naira ita ce rabin wahalar da muka sha. A 2025 naira ta ɗan tsaya wuri ɗaya, sai mai ya sami numfashi.

Duk abubuwan nan uku suna motsi, ba a kafe su ke ba. Yaƙi ya iya tashi a ƙasar da ba ku taɓa jin sunanta ba, kuɗin ban ruwa a fadamar Gummi ya ƙaru. Da aka shiga 2026 ma farashin ya sake hawa. Don haka in kun ji an ce mai ya sauka, ku yi murna, amma kada ku ci bashi a kansa.

Me ya sa namu ya fi na rediyo tsada?

Wannan ita ce ƙorafin da muka fi ji. Rediyo ta faɗi kuɗi, ka je gidan mai ka tarar da wani. Ka koma ƙauye wurin mai kwalba, ka tarar da wani kuma.

Kuɗin da a ke faɗi a rediyo yawanci na Ikko ne ko Abuja, ko ma na bakin ƙofar matata. Daga Ikko zuwa Gusau tafiyar wajen kilomita 1,000 ce. Tanka tana kwana da kwanaki a hanya, tana shan nata man, direba da yaransa suna ci, taya tana cinyewa. Daga nan ta biyo ta Mayanci zuwa Anka, ta wuce Daki Takwas, kafin ta ga Gummi. Kuma kun fi mu sanin halin da hanyoyinmu su ka shiga a shekarun nan. Direban da ya ke tsoron 'yan bindiga ba ya ɗaukar kaya a kuɗin da.

A da akwai wata asusu ta gwamnati, tun 1975, wadda ta ke biyan wannan kuɗin dako, domin lita ta zama kuɗi ɗaya a Ikko da Gusau. Wannan tsari ya tafi tare da tallafi. Yanzu mai saye shi ya ke biyan dakon kayansa, na nesa ya fi na kusa biya. Mu kuwa muna cikin na nesa.

Sai kuma ɗan bumburutu. Kada mu zage shi duka, domin shi ya ke kai mai inda ba gidan mai, kuma yana hawa hanya da ransa a hannu. Kun tuna a Satumba 2021, lokacin da gwamnatin Zamfara ta hana sayar da mai a jarka saboda tsaro, yadda ƙauyuka su ka ji a jikinsu. Amma dai ribarsa tana kan kuɗin, kuma ba ko wace kwalba ce ta ke cika lita ba.

Akwai wani abu kuma. Kuɗin mai da gudu ya ke hawa, amma da rarrafe ya ke sauka. In an ce ya tashi, mai gidan mai ya kan canja allo tun kafin gari ya waye. In an ce ya sauka, sai ya ce tsohon kaya ne a rumbunsa, da tsada ya saye shi. Wani lokaci gaskiya ya ke faɗi, wani lokaci kuwa son kai ne. Direba ma ya kan ce taya da kayan gyara ba su sauka ba. Wannan gaskiya ne, amma ba duka ba.

Man da ke kwance

Yanzu mu koma kan rabin tambayar Baba na biyu.

Masana sun ƙiyasta cewa man da aka tabbatar yana ƙarƙashin ƙasar Nijeriya, ba a ɗebo shi ba tukuna, ya kai wajen ganga biliyan 37. Kusan dukansa a Kudu ya ke, wajen bakin Kwara da cikin teku. Ku riƙe wannan a ranku: duk wannan dukiya tana nan kwance a ranar da mu ka sayi lita fiye da naira 1,000. Ashe yawan mai a ƙarƙashin ƙasa ba shi ne arahar mai a kwalba ba.

Ba ko'ina a ke samun mai ba. Asalinsa ƙananan halittun ruwa ne da su ka mutu tun shekaru miliyoyi, laka da yashi su ka binne su. Wata laka ta hau kan wata, kamar an jibga tabarmi. Nauyi da zafin cikin ƙasa su ka dafa su a hankali har su ka zama mai. Don haka sai inda tabarmin nan su ka yi kauri ƙwarai. In ba su da kauri, zafi bai isa ba, girkin bai nuna ba. Bayan haka sai an sami wani dutse marar ƙofa a sama wanda ya rufe shi kamar murfin tukunya, in ba haka ba ya tsiyaye tun tuni.

A Arewa akwai wuraren da su ke da irin wannan ƙasa: wajen Tafkin Cadi, da kwarin Binuwai, da ƙasar Bida, da kwarin Sakkwato. Kwarin Sakkwato teku ta taɓa rufe shi. Farin dutsen da a ke yin siminti da shi a Kalambaina shaida ne, domin a gindin ruwa ya taru. Wannan kwarin ya miƙa har cikin Jamhuriyar Nijar, kuma can ya fi kauri. Ƙasar Gummi tana bakin gaɓarsa, inda tabarmin su ke sirara. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya sa kwarin Sakkwato cikin wuraren da ya ke son bincikawa, amma ba a taɓa shelar an sami man sayarwa a cikinsa ba.

Ƙasar Anka kuwa, da yawancin ta Bukkuyum, a kan tsohon dutse mai tauri su ke zaune, irin wanda ya ke ɗauke da zinariya. Zinariya da mai ba su kwana ɗaki ɗaya. Dutsen da ya ke ba da wannan ba ya ba da wancan. Duk wanda ya ce muku akwai rijiyar mai a ƙarƙashin tudun da a ke haƙar zinariya, ko dai bai sani ba, ko yana neman abin aljihunku.

Wani zai ce, ai Nijar maƙwabtanmu sun samu. Gaskiya ne. Amma nasu a Agadem ya ke, can gabas cikin hamada wajen Diffa, ba ta gefen Ƙonni ko Maraɗi ba. Sun buɗe matatarsu kusa da Damagaram a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana.

Inda aka yi dace a Arewacin Nijeriya shi ne Kolmani, kan iyakar Bauci da Gombe. Labarinsa yana da amfani, domin yana nuna tsawon tafiyar. Wani kamfani ya haƙa rijiya a wurin a 1999, bai ga abin da zai mai da masa kuɗinsa ba, ya tafi. Bayan shekara 20, a 2019, NNPC ta haƙa ta biyu, ta ce ta sami mai da iskar gas. A Nuwamba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya je da kansa ya ƙaddamar da aikin, gwamnati ta ce ana sa ran fiye da ganga biliyan 1. Aka yi kaɗe-kaɗe, aka yi murna. Amma har 2025 ta ƙare ba a fara sayar da man Kolmani a kasuwa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

A wajen Cadi kuwa an haƙa rijiyoyi 23 a shekarun baya, ba a sami na sayarwa ba. A Yuli 2017 aka kai wa masu binciken hari kusa da Magumeri a Borno, aka kashe mutane da yawa, har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri. Ba a neman mai inda ba zaman lafiya. Wannan magana ta shafe mu, ba sai mun faɗaɗa ba.

Kada ku zaci rijiyar mai kamar ta ƙofar gida ce. Rijiyarmu in ta yi gaba 15 mu kan ce ta yi zurfi. Ta Oloibiri ta kai wajen ƙafa 12,000, watau gaba 2,000. Kuɗin haƙa guda ɗaya ya isa gina makarantu da yawa, kuma sau da yawa a kan gama a tarar ba kome. Turawan da su ka sami na Oloibiri tun wajen 1937 su ke nema.

To, a ce ma an dace, an samu a kwarin Sakkwato. Shin mai zai zama kamar ruwa a Gummi? A'a. Ɗanye ne zai fito, sai an kai shi matata. Kamfanin da ya zuba kuɗinsa kuma a farashin duniya zai sayar. Mutanen Bayelsa a kan mai su ke kwana, amma da kuɗi su ke sayen fetur kamar kowa, wani lokaci ma a ƙauyukansu na cikin ruwa ya fi tsada. Amfanin da jiha ta ke samu ta wata hanya ce: doka ta ba jihar da a ke haƙowa a cikinta kashi 13 cikin 100 na kuɗin da aka samu. Wannan kuɗi ne mai yawa. Ko zai zama asibiti da hanya, ko zai ɓace, ya danganta ga masu riƙe da shi da kuma jama'ar da ta iya karanta lissafi ta yi tambaya.

Mu ba baƙin dukiyar ƙasa ba ne

A duk Nijeriya ba wanda ya kai mutanen Anka da Bukkuyum sanin cewa abin da ya fito daga ƙasa ya iya zuwa da hawaye. A 2010 zinariya ta yi daraja, aka riƙa kawo dutse cikin gida ana dakawa, ana niƙawa, wani lokaci a injin da a ke niƙa hatsi. Ba wanda ya san dutsen yana cike da dalma. Ƙura ta sauka a tsakar gida inda yara su ke rarrafe. A Dareta, da Abare, da 'Yargalma, da Tungar Daji, da Sunke, da Bagega, aka yi ta binne ƙanana. Yara fiye da 400 su ka rasu. Sai da likitocin ƙungiyar MSF su ka zo, aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega ma sai 2013 aka gyara ta. A cikin azuzuwanmu akwai iyayen waɗannan yara. Allah ya ji ƙansu.

Mai ma yana da irin nasa. A ƙasar Ogoni ta Kudu ya malala cikin gonaki da rafuka, kifi ya mutu, rijiyoyin sha su ka gurɓace. A 2011 masanan Majalisar Ɗinkin Duniya su ka ce gyaran wurin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Oloibiri kuwa, da man ya ƙare, kamfani ya kwashe kayansa ya bar su. Ba muna cewa kada a nema ba ne. A nema, muna so. Amma ranar da masu bincike za su zo, ya kamata su tarar da mutanen da za su tambaye su ina dattin zai tafi, kuma wa zai biya in gona ta lalace.

Ga wani gargaɗi. Duk inda aka yi jita-jitar mai, 'yan damfara su kan biyo baya. Wani zai zo da takarda mai hatimi, ya ce ku kawo kuɗi a rubuta sunanku cikin masu rabo. Wani zai ce gwamnati za ta karɓe gonarku, gara ku sayar masa yanzu. Ku sani, tsarin mulkin Nijeriya ya ce duk mai da ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Ba wanda ya isa ya sayar muku da rabon rijiya a gindin bishiya. Wannan cinikin biri a sama ne. In da gaske aikin gwamnati ne, ta hannun ƙaramar hukuma da hakimi da dagaci zai zo, a fili, kuma mai gona yana da haƙƙin diyyar amfaninsa da gininsa. Kada ku dangwala yatsa a takardar da ba ku karanta ba. In ta fi ƙarfinku, ku kawo wa malamin aji ku karanta tare.

Abin da ke hannunmu

Kuɗin ganga a duniya ba a hannunmu ya ke ba, dala ma haka. Amma akwai ɗan abin da mai karatu ya ke iya tsarewa.

Famfon gidan mai yana da layi uku na lambobi. Ɗaya yana nuna kuɗin da za ka biya. Ɗaya yana nuna yawan litar da aka zuba. Ɗaya, ƙarami, yana nuna kuɗin lita guda. Kafin yaro ya fara zuba maka, dubi na kuɗi da na lita, ka tabbata sun koma sifiri. In lita naira 900 ce, ka ba da 4,500, lita 5 za ka gani. In ka ga 4 da ɗoriya, ka yi magana. Wani ɗan ajinmu ya gaya mana shekara 10 yana sayen mai, bai taɓa sanin lambobin nan da shi su ke magana ba.

Mai sayen na kwalba kuma ya sami mazubi guda wanda ya tabbata lita ne, ya auna kwalbar a gida sau ɗaya. Daga nan ya san abin da ya ke saye. Masu injin ban ruwa da ke fadama ɗaya su iya haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya sayo musu a gidan mai, in dokar tsaro ta lokacin ta yarda. Amma kada araha ta sa ku tara jarkoki a ɗakin kwana. Tururin fetur ya kan bi ƙasa ya tarar da murhu ko fitila daga nesa. In kuwa tanka ta faɗi, ku gudu, ku kori yara. A Majiya ta Jigawa, a Oktoba 2024, mutane fiye da 150 su ka ƙone wajen kwasar man da ya zube.

Ga lissafin da mu ke so ko wane aji ya yi a allo. A ce injinka yana shan lita 4 a rana, kana ban ruwa kwana 90. Lita 360 ke nan. In lita ta sauka da naira 100, ka tsira da naira 36,000. In ta hau da naira 100, wannan 36,000 daga cikin albasarka ko shinkafarka za ta fita. Kowa ya sa nasa adadin, na injinsa da na kwanakinsa. Sa'an nan ya sake yin lissafin da kuɗin da ya fi na yau tsada, ya ga ko gonar za ta fid da shi, kafin ya yanke faɗin da zai noma bana.

Da mu ka koma ajin Baba mu ka yi wannan lissafi tare, ya daɗe yana duban allo. Sa'an nan ya ce a ba shi alli, domin shi injinsa tsoho ne, lita 5 ya ke sha.